Kafin Ka Miƙa Jikinka Ga Malamin Yoga

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ranar yoga a 2014, masu koyar da wannan motsa jiki na Indiya suka yawaita. Takardar horon awa 200 da suke nunawa mafari ce kawai.

Malamin kirki, kafin ka hau tabarma, sai ya tambaya: akwai hawan jini? Ciwon baya fa? Juna biyu? Tsayuwa da kai a ƙasa haɗari ce ga mai hawan jini. Marigayi malamin yoga B.K.S. Iyengar na birnin Pune da ɗamara da katako yake tallafa wa masu rauni. Malamin da ya danna ka kana cewa da zafi, ko ya taɓa ki ba izini, ku bar ajinsa a ranar.