Jawabi Game da Aikin En'e da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Birnin Gwari

Kafin a kafa baitulmali a ƙasashen sarakunan Arewa, sha'anin magani yana hannun wanzamai da ungozomai da masu saiwoyi. Da kuɗin haraji ya fara taruwa wuri guda, sai En'e ta sami abin gina ɗakin shan magani, da biyan malamin asibiti da dubagari da mai yin lambar agana. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda aka riƙa horar da dubagari.

Babu abin da ya gwada wannan shiri kamar ciwon barci, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Lardin Zazzau cikin shekarun 1930. Ƙudan tsando ne ke ɗauke da shi, mazauninsa kuwa inuwar kurmi a bakin rafi, watau daidai inda mata ke ɗiban ruwa da wanki. Duk wanda ya san dajin da ke tsakanin Dogon Dawa da Birnin Gwari ya san irin wannan wuri. Likitoci na Gwamnati ne, amma ba su da ikon tara kowa. Hakimi ne ke aika wa dagatai, dagatai su fito da mutane gida gida, a lalubi wuyan kowa ko akwai kaluluwa, malamin Hakimi kuwa yana riƙe da littafin haraji yana duba wanda bai zo ba. Sa'an nan a yi gayya a sare kurmin mashaya. A ƙasar Anchau har tashin ƙauyuka aka yi, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Ba a ce talakawa sun so wannan aiki ba, gama da tilas a cikinsa, dubagari ma tsoronsa aka fi yi bisa ga ƙaunarsa. Amma ciwon ya ja da baya.

Haka aka bi da agana, har aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 1970.

A 1976 aka soke En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta, hukuncin da ke hannun Hakimi ya koma wani wuri. Cikin shekarun 1980, zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti, aka ɗora musu kiwon lafiya matakin farko.

Abin da doka ba ta ɗauke wa Hakimi ba shi ne sanin mutanensa. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan sun watsa ƙauyuka da yawa, yara da dama sun tashi ba rigakafin ƙyanda ko shan inna. Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su rubuta sunan kowane ƙauye da mutanensa suka komo, da adadin yaran da ba su kai shekara 5 ba, su miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun kafin zafin bazara ya kawo sanƙarau.