Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon hedimasta, ya gabatar a taron shekara)



Kwamitin shirya taro ya nemi in ce wani abu game da shirin duba lafiyar jama'a kyauta wanda ƙungiya ke son ɗaukar nauyinsa a gida. Ni malamin makaranta ne, aikina alli da allo. Saboda haka abin da zan kawo muku shi ne ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa wa likitocin iyali, wato likitocin da mara lafiya ke fara gani, sa'an nan in ba da shawara a kan yadda za a kashe kuɗin da kuka tara da guminku.

A da, likita kan ba da magani ne bisa abin da malaminsa ya koya masa da abin da idonsa ya gani. A shekarar 1948, a Ingila, aka buga sakamakon wani gwaji da ya sauya wannan al'ada. An raba masu tarin fuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka ba su sabon magani mai suna streptomycin tare da hutu a gado, ɗaya kashin kuma hutun kaɗai. Da aka kwatanta, sai amfanin maganin ya fito fili. A kan irin wannan hujja ake gina shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bai wa likitoci a yau.

Haka kuma batun auna mutanen da ba su jin ciwon komai yana da sharuɗɗa. Tun 1968 masana biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa wannan hukuma su. Daga ciki akwai cewa cutar ta zama babbar matsala ga jama'a, gwajin ya zama abin dogaro, kuma a sami maganin da za a bai wa wanda aka gano yana da ita. Idan aka yi watsi da sharuɗɗan, awon kansa yakan zama cutarwa. A Koriya ta Kudu asibitoci sun shiga duba wuyan mutane masu lafiya da na'urar hoto, suna neman kansar halittar nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo. A 2011 yawan waɗanda aka ce suna da ita ya ninka na 1993 sau 15, aka yi wa dubban mutane tiyata, amma yawan masu mutuwa daga cutar bai sauya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, waɗanne gwaje-gwaje ne suka ci jarrabawa?

Na farko awon hawan jini. Cuta ce da ba ta sallama. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ne ke fara bayyana ta. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan an tabbatar awo ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, kuma tabbatarwar sai an auna a ranaku biyu daban-daban. Bayan haka a riƙa ganin mutum kowane wata har jinin ya daidaita, sa'an nan duk bayan wata 3 zuwa 6.

Na biyu awon bakin mahaifa ga iyayenmu mata. Shawarar hukumar ta 2021 ita ce mace ta fara gwajin ƙwayar cutar HPV daga shekara 30, ta maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10. Ita wannan ƙwaya ce ke haddasa kansar bakin mahaifa, kuma a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta.

Na uku ya shafi masu zazzaɓi. Tun 2005 Nijeriya ta bar klorokwin ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, domin ƙwayar cutar ta daina jin klorokwin. A 2010 kuma hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, kuma sakamako kan fito cikin minti 20. Amma gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita. Da shi ake ɗora wa mutanenmu allurai da ƙwayoyi masu tsada ba gaira ba dalili.

Jama'a, ga inda na dosa. Idan muka kafa rumfa rana guda da salla, muka auna tsoho muka ce masa jininsa ya hau, muka ba shi maganin mako biyu muka koma Kano da Kaduna da Abuja, tsoro kawai muka bar masa. Shawarwarina guda uku ne. A sayi na'urorin awon jini da kayan gwajin zazzaɓi a ajiye a asibitin garinmu, inda za su yi aiki duk shekara. A ware kaso mafi tsoka na kuɗin domin maganin hawan jini na wata-wata, tare da rajistar masu karɓa, kamar yadda muke kiran suna a aji. A kuma ɗora wa likitocinmu 'yan ƙungiya nauyin tantance kowane gwaji kafin a biya kuɗinsa.

Ku kuma mazauna birni, idan aka tallata muku awon jiki gaba ɗaya, ku tambayi likita cikin ladabi: wace hujja ce ta nuna amfanin wannan gwaji ga mai shekaruna, kuma in an ga wani abu, me za a yi? Likitan ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya.