CIYAWAR AKINTOLA: YADDA AKE GANE TA DA YADDA AKE KAWAR DA ITA DAGA LAMBUN GIDA

Wannan jawabi an shirya shi ne domin masu lambu a bayan gida da masu kiwon tumaki da awaki, musamman mazauna unguwar Sabo ta birnin Badun, da sauran Hausawa da ke zaune a kudancin ƙasar nan. Mutanen Arewa ma suna da rabo a cikinsa, domin tun da aka kafa Sabo a shekarar 1916 hanyar fataucin shanu da goro ba ta yanke ba tsakaninta da Arewa, kuma irin ciyawa yakan bi sawun fatake.

ASALINTA

Ciyawar da ake magana a kanta ita ce wadda Yarbawa suke kira ewe Akintola, masana ilimin tsirrai kuwa suna ce mata Chromolaena odorata. Baƙuwa ce a Afirka. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, inda take da ƙwari da cututtukan da ke hana ta wuce gona da iri. Turawa suka kai ta ƙasar Hindu a ƙarni na 19 domin ado, ta bazu a ƙasashen Asiya. An yi imani cewa ta shigo Nijeriya wajen shekarar 1937 ta Inugu, a gauraye da irin itacen malaina da aka kawo daga tsibirin Silon, watau Siri Lanka ta yanzu. Ta yawaita a Jihar Yamma zamanin da Cif Ladoke Akintola yake Firimiya, kafin rasuwarsa a 1966, shi ya sa sunansa ya bi ta. A ƙasar Gana kuwa sunan Janar Acheampong aka laƙaba mata. Yanzu ta game kurmi duka, har ta kai sassan Kwara da Kogi da Binuwai. A ƙuryar Arewa ƙarancin ruwa da tsawon rani ne suke taka mata birki.

KAMANNINTA

Tsiro ne mai rassa da yawa, tsayinsa yakan kai mita 2 zuwa 3 a fili, in ya sami bishiya ko danga ya hau ya zarce haka. Ganyenta biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, masu faɗi a gindi da tsini a kai, gefensu da ’yan haƙora. Babbar alamarta ita ce jijiyoyi uku da suke tasowa daga wajen gindin ganye. Sabon toho yakan yi ja-ja. In aka murtsuke ganyen, wari mai ƙarfi yakan tashi. Tana fure da shigowar rani, wajen Disamba da Janairu, furen fari ne mai sirkin shuɗi-shuɗi, a dunƙule a ƙarshen rassa.

Wajibi ne uwargida ta bambanta ta da ganyayen miya, domin tana ƙarama takan yi kama da ɗaɗɗoya. Karan ɗaɗɗoya yana da kusurwa huɗu, na Akintola kuwa mulmulalle ne. Ganyen shuwaka kuma ɗai-ɗai yake fitowa a jikin kara, ba ya fuskantar ɗan’uwansa.

ƁARNARTA

Da fari, tana saurin girma ta rufe alayyafo da kuɓewa da barkono da tumatir, ta hana su rana, ta shanye abincin ƙasa. Lambun da aka bari damina ɗaya ba shara yana iya zama surƙuƙi.

Na biyu, guba ce ga dabbobi. Sabon ganyenta yana ɗauke da sinadarin da kan hana jini ɗaukar iska, akwai kuma wani da ke lalata hanta a hankali. Dabba mai ƙoshi ba ta cika kula ta ba saboda warinta, amma ragon da ke ɗaure, wanda yaro ya yanko wa ciyawa a kango, ba shi da zaɓi. Mai kiwon ragon layya ya riƙa duba harawar da ake zuba masa.

Na uku, farar nan mai rodi-rodin baƙi da rawaya da ja, mai wari, tana son furenta ƙwarai, tana kuma samun mafaka a cikinta. Daga nan take faɗa wa rogo da kayan lambu da rani.

Na huɗu, in ta bushe cikin hunturu tana kama wuta kamar auduga. A unguwa mai cunkoso irin Sabo, inda gida ke jingine da gida, wannan hatsari ne ga rai da dukiya. Surƙuƙinta kuma maɓoya ce ta macizai da ɓeraye.

Gaskiya ne tana da ɗan amfani. Mutanen kurmi suna matsa ruwan ganyenta a kan yanka domin tsai da jini, manoma kuma sun shaida cewa tana danne tofa a saura. Amma wannan bai isa dalilin ba ta wuri a cikin gida ba, kuma jiƙa ta a sha abu ne mai hatsari ga hanta.

YADDA TAKE YAƊUWA

Tushe ɗaya yana iya zubar da iri har kimanin 80,000 a shekara. Irin ƙanana ne masu gashi, iska tana kwasarsu, suna kuma maƙalewa a tufafi da gashin dabbobi da buhuna da tayoyin mota. Da ruwan farko sai su tsiro a duk inda ƙasa take a buɗe ga rana. Ban da iri, kututturenta yakan sake toho bayan sara ko gobara. Wannan ne ya sa wanda ya sassabe ta kawai yakan tarar ta dawo da rassa fiye da na da.

MAGANINTA

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, wajen Afrilu da Mayu a Badun, sa’ad da ƙasa take da laushi, tsiron kuma bai yi ƙwari ba. A tumɓuke shi da hannu har saiwa. Wadda ta riƙa kuwa, a sare ta da adda, sa’an nan a tone kututturen da fartanya ko diga, a kife shi saiwa sama ya bushe a rana. Kada a jibge ɗanyen kara a kan ƙasa mai laima, domin yana iya kamawa.

Kowace ciyawa da ta kuɓuta a damina, lalle a gama da ita kafin ƙarshen Nuwamba, tun ba ta yi fure ba. In har ta riga ta yi, a yanke kawunan a hankali a zuba cikin buhu, a ƙone su a rami nesa da ɗaki, a ranar da babu iska. Kada a cinna wa kango wuta da sunan shara. Wutar za ta ci kara ta bar kututture, ta kuma share wa irin fili.

Bayan an cire ta, kada a bar wurin tsirara. Irinta yana bukatar haske kafin ya tsiro, saboda haka a shuka abin da ke shimfiɗa kamar dankali ko kabewa ko wake, ko a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa marar iri. A riƙa zagayawa bayan kowane mako biyu ana cire sabon tsiro, a kuma ci gaba da haka har shekaru biyu ko uku, domin wani irin yakan daɗe a ƙasa.

Maganin feshi yana kashe ta, musamman in an fesa wa sabon toho bayan sara, amma a lambun gida, kusa da rijiya da yara da kaji, hannu da fartanya sun fi aminci. Wanda filinsa yake da girma ya nemi shawarar malamin gona kafin ya sayi magani. Masana sun gwada sakin wata tsutsa mai cin ganyenta a Nijeriya cikin shekarun 1970, ba ta yi tasiri ba a lokacin, ko da yake ta kama a Gana cikin shekarun 1990. Saboda haka aikin yana wuyan mai lambu.

KIRA GA JAMA’A

Iska ba ta san iyakar gida ba. Mutum ɗaya in ya bar kangonsa ya yi fure, ya shuka wa unguwa duka. Ya kamata masu unguwanni da limamai da shugabannin ’yan kasuwa su sa rana guda cikin watan Oktoba ko Nuwamba ta aikin gayya, a bi kangaye da bakin magudanai da maƙabarta. Direbobi da fatake masu komawa Arewa su kakkaɓe buhuna, su share motocinsu kafin su kama hanya, domin fadamun Arewa suna da laimar da za ta iya riƙe ta.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dabbobi da dukiyar jama’a, amin.