Hawa da Saukar Naira: Yadda Za Mu Tsare Jarinmu da Zumuncinmu

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a unguwar Umarari, Maiduguri)



Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu ce wani abu game da al'amarin da ya addabi kowa, watau hawa da saukar Naira da rashin tsayawar farashin kaya. Kowa ya san abin da ya kawo iyayenmu Yerwa daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram: wasu karatu, wasu fatauci, da yawa kuma duka biyun. Masu masaukinmu suka karɓe su hannu biyu. Har gobe galibinmu nan Umarari da kasuwa muka dogara, daga mai rumfa a Monday Market, sai mai sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road, sai dillali a Kasuwar Shanu, har zuwa uwargida mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Saboda haka da harshen kasuwa za mu yi magana.

Jama'a, kuɗi mudu ne. Da shi muke auna guminmu. To, abin da ya same mu shi ne mudun nan ya daina zama wuri ɗaya, yau ya tsuke, gobe ya buɗe, kuma ba mu ke riƙe da shi ba.

Dattawan da ke zaune a nan sun ga farkon abin da idonsu. A 1973 aka bar fam aka koma Naira, a kan Naira 2 fam guda. Har zuwa 1985 Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi. A watan Satumba na 1986, zamanin Janar Babangida da shirinsa na SAP, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, nan take dala ta koma wajen Naira 4. Zamanin Janar Abacha, gwamnati na cewa Naira 22, 'yan canji na cewa sama da 80. A 2016 farashin gwamnati ya tashi daga Naira 197 zuwa wajen 280, a farkon 2017 kuma dala ta haura 500 a hannun 'yan canji. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara, ta tashi daga wajen 460 ta haye 700 cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 2024 ta doshi 1,900 a kasuwar canji.

Wani zai ce, ni da nake sayar da barkono, ina ruwana da dala? Ai kuwa da ruwanka. Ƙasar nan yawancin dalar da take samu daga ɗanyen mai ne, kuma da dalar take sayo alkama da magani da kayan gyaran mota. In farashin mai ya faɗi a duniya, kamar yadda ganga ta sauko daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, sai dala ta yi ƙaranci, masu nemanta kuwa ba su ragu ba. Ga kuma kuɗin mota. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta wuce 500. Mu kuwa a ƙarshen hanya muke, tsakaninmu da Kano kusan kilomita 600 ne, duk abin da direba ya ƙara a kanmu yake sauka.

Har wa yau muna da wani abin da na cikin ƙasa ba su da shi, watau sefa. Chadi da Kamaru da Nijar duk sefa suke kashewa, ita kuma tun 1999 a ɗaure take da yuro, ba ta rawa irin ta Naira. Idan Naira ta faɗi, mai sefa ya zo ta Gamboru Ngala ko Banki ya ga hatsinmu ya yi masa araha, ya kwasa, farashi ya tashi a nan gida. Namu kuma da ke sayo shanu daga Chadi sai ya ƙara Naira kafin ya sami sa guda. Amma kada a ɗauka sefa ba ta taɓa faɗuwa ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajarta da rabi dare ɗaya, waɗanda suka tara ta suka wayi gari rabin dukiyarsu ya tafi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bari mu ba da misali. A ce mutum ya saro sukari buhu 10, kowane a kan Naira 40,000, jarinsa 400,000 ke nan. Ya sayar a kan 44,000, ya ƙirga 440,000, ya ce alhamdu lillahi an ci ribar dubu 40. Ya cire ta ya yi cefane, ya biya kuɗin makarantar yara. Da ya koma sari sai ya tarar buhu ya zama 55,000. Buhu nawa 400,000 za ta saya masa? Bakwai, da ɗan canji. Kun ga a takarda ya ci riba, alhali kuwa buhu uku sun fita daga rumfarsa ba tare da ɓarawo ya shigo ba. In aka yi haka sau uku, sau huɗu, sai a ga kanta ta zama wayam, a fara cewa sammu aka yi masa. Ba sammu ba ne, mudun ne ya tsuke.

Saboda haka shawararmu ta farko, kuma ita ce uwar sauran, kowa ya riƙa ƙirga jarinsa da kaya. Mai buhu ya ƙirga buhu, mai atamfa ya ƙirga turmi, mai kifi ya ƙirga kwali, mai ƙosai ta ƙirga mudun wake da kwalbar mai. Kafin ka yanka farashi, ka fara jin yadda ake sari yau a Dawanau ko Kantin Kwari, ga waya a hannun kowa. Kada ka kira wani abu riba sai ka mayar da yawan kayan da ka sayar, abin da ya yi saura shi ne naka.

Sai dai fa a yi hattara, kada wani ya fita daga nan ya ce an ce a zuba komai a kaya a kulle sito a jira tsada. Abin da ke hawa yana sauka. Dalar nan da ta doshi 1,900 a Fabrairun 2024, kafin ƙarshen Afrilu ta taɓa sauka ƙasa da 1,200. Wanda ya sayar da fili ya saye ta a sama, cikin wata biyu ya rasa fiye da sulusin kuɗinsa. Haka masu hatsi. A 2024 mutane da yawa sun ciwo bashi sun sayi masara da gero da tsada sun ajiye, suna jiran bazara. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, sabon amfani ya shigo, a 2025 farashi ya karye, aka sayar da hasara, ga mai bashi a ƙofa. Tun kafin wannan, a 2008, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa sun kwashi ajiyarsu sun sayi hannun jari a kasuwar Ikko saboda an ce ba ya faɗuwa, cikin shekara guda kasuwar ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta. Matasanmu kuma ba su manta da MMM ba, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ciniki daban, caca daban: ɗan kasuwa yana juya kaya ne ya ci kaɗan-kaɗan, mai caca shi ke zuba duka ya zauna yana jiran sa'a.

Shawara ta biyu, kada a tara dukiya wuri guda, domin babu ma'ajin da bai taɓa ba mu kunya ba a garin nan. Mu tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Mai kuɗi a banki ya kwana a layi bai sami na cefane ba, sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ana cikin wannan, ran 26 ga Fabrairu, gobara ta cinye Monday Market, wanda ya bar kaya da kuɗi a rumfa ya tarar da toka. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwanni da gidaje, buhunan da aka jibge a ƙasa suka ruɓe. Banki ma yana mutuwa: a Janairun 1998 an rufe 26 a lokaci guda. Sai dai hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga lamunin zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna. Don haka a raba: kaso a kaya, kaso a banki mai rajista, ɗan kaɗan a hannu, mai hali kuma ya ɗaure tunkiya ko ya riƙe fili mai takarda.

Shawara ta uku ita ce ta fi damunmu a matsayinmu na ƙungiya, watau bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu baƙi ba mu zo garin nan da gona ba, amana ce jarinmu na asali. Da ita uban gida a Kano ke ɗora wa yaronsa kaya ba ko sisi, da ita fatoma ke riƙe kuɗin bafatake har ya dawo. Rawar farashi tana cin wannan amana. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, wanda ya ba ka Naira 100,000 a farkon shekarar, ka mayar masa a ƙarshenta, abin da ya karɓa ƙarfinsa wajen 74,000 ne kawai. Shi yana ganin an cuce shi, kai kana ganin ka biya cif. Daga nan sai gaisuwa ta yanke, har 'ya'ya su gaji gabar. Maganin abin shi ne a yi magana tun ran farko, a rubuta, a sa shaidu, a gajarta wa'adi. In buhu aka ranta, a ce buhu za a mayar. Wanda aka ba kaya kuma, ya sayar ya biya da wuri, kada ya juya kuɗin mutane sau biyu yana ba da haƙuri.

Iyayenmu mata, wannan ya shafi adashinku. A adashin wata goma sha biyu, ta ƙarshe ita ke ɗaukar hasarar kowa. A rage yawan masu zubi don zagaye ya yi sauri, kuma wadda ta kwashe a ƙarshe bana, ita ce ta farko baɗi.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabanni abu biyu. A kafa kwamitin dattawa na sasanta rikicin bashi, domin a kashe wuta tun tana ƙarama, kafin a kai ga 'yan sanda ko kotu. Sa'an nan a farfaɗo da asusun taimakon juna, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kowane wata uku, yadda in gobara ko ruwa ko faɗuwar kasuwa ta kayar da ɗayanmu za a sami abin tayar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Farashin dala ba a Umarari ake yanka shi ba, amma littafin rumfarmu da alkawarin da ke tsakaninmu suna hannunmu. Kowa in ya koma gida yau, ya ƙirga kayan da yake da su, ya gwada da na bara war haka, sa'an nan ya duba wa yake binsa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Borno da ƙasa baki ɗaya lafiya.