Kwanakin baƙo ƙidayayyu ne: jawabin ranar bikin ƙungiya



Shugaba da 'yan kwamiti, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwana na Salaga da Yendi da Bawku, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda muka kafa ƙungiyar nan tare da su suka riga mu gidan gaskiya. An ce in yi magana a kan abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi idan kwanakin da aka ba shi a wata ƙasa suka ƙare yana can. Na amsa ne domin abin ya taɓa samuna, kuma gara ku ji daga bakina.

Shekarun baya na je Guangzhou a ƙasar Sin saro kayan gyaran babur. A jikin bizata akwai kwanan wata mai nuna wata uku, ni kuwa na ɗauka wata ukun nan duk nawa ne. Ashe wannan ita ce ranar ƙarshe da zan iya shiga ƙasar. Ƙasa da ita kaɗan akwai wani layi da ya ce kwana 30, kuma shi ne zaman da aka yardar mini. Masu kaya suka yi ta cewa gobe, jibi, ni kuma ina zaune hankali kwance. Sai ranar da na je ƙara kuɗin ɗaki ma'aikacin otal ya buɗe fasfona ya nuna mini da yatsa. Na wuce da kwana huɗu.

A daren nan wani mutum ya same ni ya ce in ba shi fasfon da kuɗi, ya san wanda zai gyara. Har na fara ƙirga masa. Allah ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Kumasi da ya daɗe yana bin hanyar, ya ce: “Alhaji, zuwa da kai ya fi saƙo. Laifin kwana huɗu yana da farashi a rubuce, amma hatimin jabu gidan yari ne.” Da safe ya raka ni ofishin 'yan sanda mai kula da shige da fice. Na tafi da fasfo da tikitin jirgi da rasit na otal da takardun kaya. Suka yi mini tambayoyi, na faɗi gaskiya, na sa hannu, na biya tara, suka ba ni rasit da 'yan kwanakin da zan fita. Na ji kunya, aljihu ya ji jiki, amma na hau jirgi da ƙafata.

Dokar ƙasar Sin da ta fara aiki a 2013 ta ce tarar wuce kwanaki yuwan 500 ce kowace rana, iyakarta yuwan 10,000, kuma ana iya tsare mutum kwana 5 zuwa 15 idan abin ya yi tsanani. Dokar dai ta ce mai son ƙarin kwanaki ya nema tun saura kwana bakwai. Da na san wannan, da kuɗin tarar sun zama riba. A Dubai kuwa dirhami 50 ne kowace rana. Kun ga kowane wayewar gari bashin ƙaruwa yake yi, ɓuya ba ta rage shi.

Na san yawancinmu ba jirgin sama muke hawa ba. Lori muke bi ta Kulungugu zuwa Bittou, ko ta Pulmakom zuwa Sankasi, 'yan Yendi su bi ta Tatale su shiga Togo. Wasu su wuce Galmi sayen albasa, wasu Kantin Kwari a Kano sayen atamfa da shadda. Da yake ba a tambayarmu biza a waɗannan ƙasashe, mun ɗauka babu iyaka. Akwai iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga ba biza, amma na kwana 90 ne, kuma da takardar tafiya mai rai da katin rigakafi, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izini a wurin hukumar ƙasar. Kwana 90 yana da yawa ga mai sari ya juyo. Amma ga wanda ya tsaya bin bashi, ko lorinsa ta lalace, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, kamar yau ne.

Ku lura kuma, tun 29 ga Janairu 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fita daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa za a ci gaba da shiga ba biza. Amma yanzu ba yarjejeniya ɗaya ce ta ɗaure mu da su ba, kuma abin da aka sanar ana iya sauya shi. Kafin ku tashi, ku tambayi jami'anmu na shige da fice a boda. Matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce ai shekara ashirin yana wucewa ba wanda ya taɓa ƙirga masa kwana. Haka iyayenmu suka ce. Kakanninmu fatake sun zo Salaga sayen goro babu fasfo, madugu da fatoma su ne takardarsu. Aka zauna, aka haifu, aka yi gidaje. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Zangunanmu sun ga kuka, an sayar da gida da shago a banza, har waɗanda aka haifa a nan wasu sun tafi. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shehu Shagari, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka dawo da kaya a ka. Ba a tambayar takarda sai ranar da aka tambaye ta, kuma ranar ba ta aiko da saƙo.

To, me za mu yi? Na farko, ka tsaya a buga maka hatimin shiga, ko da direba yana ta hon. In babu hatimi, ba ka da shaidar ranar da ka shiga. Kafin ka bar tagar, duba abin da aka rubuta, domin abin da jami'i ya rubuta shi ne kwanakinka, ba abin da ka ji a tasha ba. In ba ka karanta boko ko Faransanci, ba abin kunya ba ne, ba wani ya karanta maka. Ka ɗauki hoton shafin da waya ka tura gida.

Na biyu, in ka ga aiki ba zai ƙare ba, je ka nemi ƙari tun kwanakinka suna da rai. Mai neman ƙari baƙo ne, wanda ya wuce kuwa mai laifi ne, ko da kwana ɗaya ne tsakaninsu.

Na uku, in ƙaddara ta sa ka riga ka wuce, kada ka ƙara kwana. Kai kanka ofishin shige da fice, da shaidar abin da ya riƙe ka: takardar asibiti, rasit na makanike, takardar soke jirgi. Faɗi gaskiya a taƙaice, kada ka ɗaga murya. In an ci ka tara, biya a inda ake biya, ka karɓi rasit ka adana shi tare da fasfo, don wata rana za a tambaye ka. Kuɗin da ba shi da rasit bai goge komai ba. Ka kuma tambaya ko an hana ka dawowa, da tsawon lokacin, kada ka sayi tikiti a mayar da kai daga filin jirgi. In an tsare ka, nemi a sanar da ofishin jakadancin Gana. Ba za su yafe maka tarar ba, amma za a san inda kake.

Na huɗu, kada ka ba kowa fasfonka ya gyara, kuma kada ka bi ta daji a kan babur don kauce wa boda. Kun san halin tsaro a gefen Bittou da arewacin Togo a shekarun nan. Wanda soja ya tare a daji da dare ba takarda, ba maganar tara za a yi masa ba.

Hajiyoyinmu masu haɗa Umara da sari, wannan taku ce. Hukumar Saudiyya ta sanar cewa wanda ya ƙi fita bayan bizarsa ta ƙare zai iya fuskantar tara har riyal 50,000, da ɗauri har wata shida, da kora. Kada wani ya ce miki ki ɗan ƙara mako ɗaya zinari zai sauko. Mako ɗayan nan zai iya hana ki ganin Ka'aba shekaru.

Ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. A buɗe littafi a kowane reshe, Salaga da Yendi da Bawku. Duk mai doguwar tafiya ya tura wa magatakarda hoton hatiminsa ta WhatsApp, shi kuma ya rubuta ranar ƙarewa, ya kira shi saura kwana goma. Littafi ɗaya da alƙalami ya isa. Dalili kuwa, in ɗayanmu ya ɓata a wata boda, duk mai ɗauke da katin ƙungiyar nan ne zai sha tambaya a bayansa. Suna shi ne jarin da muke tarayya a kai, shi ake ba mu kaya bashi da shi daga Galmi har Lome.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Bawku da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana bikin baɗi.