Kamshaf: Sandar da ke Tsara Numfashin Inji

 

Kwanan baya wani saurayi ya same ni da takaici. Ya sayo kamshaf irin ta motocin tsere ya sa wa motarsa, yana sa ran za ta tashi kamar kibiya. Ga shi yanzu a sulo inji sai karkarwa yake, a cunkoso sai ya mutu, mai kuwa kamar ana zuba shi a rariya. Ya ce an cuce shi. Na ce masa babu wanda ya cuce shi, abin da ya saya ne aka ba shi. Bayanin wannan amsa shi ne laccata ta yau.

Dabarar kamshaf ta girme mota nesa ba kusa ba. A littafin da al-Jazari ya kammala a 1206 a Diyarbakir akwai na'urori masu sanda mai ƙusoshi, tana juyawa tana ɗaga wani abu tana sakinsa a kan lokaci. Da injin Nikolaus Otto mai bugu huɗu ya fito a 1876, aikin ya zama buɗe bawul da rufe shi. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ta juya sau ɗaya. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. A tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kamshaf tana cikin bulo ne, tana tura bawul da sanduna. A yawancin motocin yau tana can sama a kan silinda.

Kafin mu taɓa ƙarfe, mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Ƙarfin murɗa shi ne abin da ke fizgar mota mai lodi a Hawan Kibo. Ƙarfin doki kuwa lissafi ne, wato ƙarfin murɗa a ninka shi da saurin juyi. Injin da ke ba da mitan-Niyuton 200 a juyi 3,000 yana da doki wajen 84. Ya ba da wannan 200 ɗin a juyi 6,000, dokinsa ya zama wajen 168. Murɗar ba ta ƙaru ba ko kaɗan, wurinta ne ya sauya. Wannan ƙaura ita ce yawancin aikin kamshaf ta tsere. Tana ɗebe ƙarfi daga ƙasa ta kai shi sama, kamar mai rage zanen ƙafa don ya rufe kai.

Yaya take yin haka? Lambar da ta fi muhimmanci a takardar kamshaf ita ce daɗewar bawul a buɗe, ana auna ta da digirin juyin karanshaf. Iskar da ke shiga silinda tana da nauyi. A juyi mai sauri takan shigo a guje, har ma bayan fistin ya kai ƙasa ya fara komowa tana ci gaba da kutsawa. Saboda haka idan aka jinkirta rufe bawul ɗin shiga, silinda ta fi cika. Amma a juyi kaɗan iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya tunkuɗo ta baya ta ƙofar da aka bari a buɗe. Matsi ya ragu, murɗa ta ragu, direba ya danna totur ya ji shiru. Jinkirin da ke ciyar da inji a juyi 7,000 shi ne ke sa shi yunwa a 1,500.

Ku kula da yadda ake rubuta lambar. Kamfanonin Amurka sukan auna daga lokacin da aka ɗaga inci 0.050, a Turai da Japan kuma an fi amfani da milimita 1. Akwai kuma lambar talla, wadda kowane kamfani ke aunawa yadda ya ga dama. Kwatanta lambar talla da ɗayan biyun nan kamar kwatanta mudun Kano da na wani gari ne.

Sai tazarar da ke tsakanin ƙusar shiga da ta fita. Akwai ɗan lokacin da bawul biyun suke buɗe tare, hayaƙi yana fita yana jawo sabuwar iska. Kamshaf mai daɗewar digiri 270 a ɓangarorin biyu, da tazarar 110, tana ba da haɗuwar digiri 50. A matse tazarar zuwa 106, haɗuwar ta zama 58. Wannan haɗuwar ce ke haifar da wannan gurnani mai tsalle-tsalle da samari ke so. Ni ma ina jin daɗinsa, ban ɓoye ba. Amma sautin injin da ke shaƙar hayaƙinsa ne, kuma zuƙar iskar da ke taimaka wa burki tana raguwa. A titin da yara ke tsallakawa, burki mai tauri ba abin ado ba ne.

Tsayin ɗaga bawul ba zan daɗe a kansa ba. Yana ƙara iska matuƙar ramukan kan silinda za su iya wuce da ita, amma sai an canza sifirin, an kuma auna tazarar bawul da fistin da ɗanyen yumɓu kafin a ɗaure. Wanda ya tsallake wannan awo zai ji ƙara sau ɗaya tak.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa kamshaf ɗaya ba ta iya gamsar da ƙasa da sama. Alfa Romeo ta fitar da mai sauya lokacin bawul a 1980. A 1989 Honda ta kawo VTEC a injin B16A, ƙusoshi iri biyu a sanda ɗaya, ƙanana don gari, babba don sama da juyi wajen 5,500, har ta samu doki 160 daga lita 1.6. Toyota ta bi da VVT-i. Masu Corolla da Accord a nan, motarku tana wannan aiki da matsin baƙin mai, shi ya sa dattin mai ke kashe shi tun kafin kamshaf ta tsufa.

To mu koma kan saurayin nan. Na tambaye shi juyi nawa allurarsa take nunawa tsakanin gida da wurin aiki. Ya ce da wuya ta wuce 3,000. Kamshaf ɗin da ya saya ba ta farkawa sai ta haura 4,500, ga shi bai ƙara matsi ba, bai taɓa salansa ba, ba a sake saita kwamfutar motar ba. Mun mayar masa da ta asali, muka gyara tayimin, muka wanke nozul. Ta tseren tana nan a kan kanta a gareji, nannaɗe a tsumma mai mai, tana jiran wanda ke da filin gudu.

Zan tsaya nan don tambayoyi.