Jawabi ga Ɗalibanmu Masu Shirin Karatun Fasahar Injiniya

 

Mai Martaba Mai Machinama, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa masarauta albarka. Hakimai da dagatai, limamanmu, shugaban makaranta da malaman da suka sha ƙurar alli saboda waɗannan yara, baƙinmu daga Nguru da Gashuwa, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana da ake yayewa a yau, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

An nemi in yi magana da waɗanda suka nufi karatun fasahar injiniya a cikinku. Wasu na fatan shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Mai Idris Alooma da ke Gaidam, wasu ta Tarayya da ke Damaturu, wasu Ramat a Maiduguri, wasu kuma idonsu na kan Kaduna ko Kazaure. Tsarin ɗaya ne a ƙarƙashin hukumar NBTE da aka kafa a 1977: shekara biyu ta ƙaramar difloma, shekara guda a wurin aiki, sannan shekara biyu ta babbar difloma. Duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa, sai an tambaye ku kiredit a fiziks. Abin da ke damuna shi ne yawancin ɗalibai suna ɗaukar wannan kiredit a matsayin tikitin shiga mota, da an zauna sai a yar. Na san abin da kuke faɗa wa juna idan jarrabawa ta matso: a haddace, a zuba a takarda, a wuce wurin. 'Ya'yana, fiziks ba a wuce shi. Shi za ku tarar yana jiranku a bakin kowace rijiya da gindin kowane falwaya.

Bari mu ɗauki abin da kowa a nan ya san zafinsa, wato ruwan sha. A ce wani ƙauye na buƙatar lita 20,000 a kullum, kuma daga saman ruwan da ke cikin burtsatse zuwa bakin tanki mita 50 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku ninka nauyin ruwan da tsawon da za a ɗaga shi, ku sake ninkawa da 9.8, ƙarfin da ƙasa ke jan kowane abu da shi. Za ku sami jul miliyan 9.8, kimanin yunit 2.7 irin wanda ake saya a mitar wuta. Amma injin da ake zurawa cikin rijiya ba ya mayar da duk abin da ya ci ya zama aiki. Kusan rabi na iya salwanta a zafi da gogayyar ruwa da bututu, don haka sai a tanadi yunit biyar da rabi. Rana a ƙasarmu tana ba da abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi a yini. A takarda ke nan farantan sola na wat 1,000 sun isa.

A nan ne ake rarrabe wanda ya haddace da wanda ya gane. Lambar da aka rubuta a bayan farantin sola, an auna ta ne lokacin da zafin farantin yake digiri 25. Ku gaya mini, a Machina cikin watan Afrilu, da tsakar rana, wane faranti ne zai tsaya a digiri 25? Yana iya kaiwa 65, hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, wato a wannan zafi kashi 16 cikin ɗari sun tafi. Mutanenmu suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta, alhali haske ne ke bayarwa, zafin kuwa ci yake yi. Sai hunturu ya zo da hazonsa, ƙura ta kwanta a kan gilashi ta ɗauki nata kason. Wanda ya san wannan zai sa wat 1,300 ko 1,400, ya fuskantar da farantan kudu, ya karkata su kamar digiri 13 zuwa 15, tunda garinmu yana kusa da layi na 13 arewa da tsakiyar duniya. Sannan ya nemi wanda zai riƙa goge su da sassafe, ya nuna masa yadda ake yi.

Na taɓa tsayawa a gindin wani tanki a wani ƙauye da ba zan ambata ba. An kashe kuɗi masu yawa, an yi bikin buɗewa, bayan 'yan watanni famfo ya ƙafe, mata da yara suka koma tsohuwar rijiya da guga. Da muka buɗe akwatin wuta, sai ga wayar da aka ja zuwa injin siririya ce, robarta ta narke ta manne da bangon akwatin, warin ƙuna bai gama fita ba. Wanda ya yi aikin ya rage kuɗin waya. Da ya tuna dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, da ya san siririyar waya mai tsawo tana shanye bolt kafin ya isa injin. Zafin da waya ke yi kuwa, idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Wannan yana cikin littafin da kuka gama karantawa a bana. Abin ya tsaya mini a rai, domin ƙishirwar mutanen ƙauyen nan ba ƙaddarar fari ba ce, lissafi ne na minti goma da wani bai yi ba.

Ku gangara Gashuwa, yankin da ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Manomin rani zai kira ku ya ce injinsa na ban ruwa yana ta ƙara amma ba ya jawo komai, bayan an canza masa kaya sau biyu. Kafin ku kwance ko ƙusa ɗaya, ku zura igiya ku auna nisan ruwan. Injin da ke zaune a sama ba shi ne ke tsotso ruwa da ƙarfinsa ba, nauyin iskar da ke kanmu ne ke tura ruwan cikin tiyo, kuma iyakar abin da wannan nauyi zai iya ɗagawa wajen mita 10 ne. A aikace ma da wuya a wuce bakwai ko takwas. Masu haƙar rijiya a Italiya sun ci karo da wannan iyaka tun zamanin Galileo, har almajirinsa Torricelli ya warware ta da gwajin zaiba a 1643. Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, maganin shi ne a sauko da injin kusa da ruwan. Da wannan sani kaɗai kun hutar da bawan Allah sayen sabon inji.

A Nguru ma, inda layin dogo daga Kano ya iso a 1930, ku duba mahaɗar ƙarafan, za ku ga an bar ɗan tsakani. Ƙarfe mai tsawon mita 12 yana ƙara kusan milimita shida tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar ɗin bazara. Maƙerin da zai yi rufin babban ɗaki ko ƙafar tanki yana bukatar wannan lissafi.

To, me nake so ku riƙe idan kun isa can? Hannunku ya saba da kayan awo kamar yadda ya saba da alƙalami. Mitar gwada wuta, ma'aunin kauri, ma'aunin matsin ruwa, ku nace sai kun taɓa su da kanku, kada ku tsaya a bayan ɗakin gwaji kuna kwafar sakamakon wani. Kada ku rubuta lamba ba tare da ma'auninta ba, domin wat daban, yunit daban, kuma rikita su ya sa mutane da yawa sun sayi batirin da ba ya kai su tsakar dare. Ku saba da yin ƙiyasi da ka kafin ku danna na'urar lissafi, yadda idan ta ba ku amsar da hankali ba zai ɗauka ba za ku gane. Idan gwaji ya saɓa wa abin da kuke tsammani, ku rubuta abin da kuka gani. Malam Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, da wannan ɗabi'a ya tabbatar cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, a lokacin da manyan masana ke cewa daga ido yake fita. Gani ya kori ji.

Ku kuma ji tsoron wuta. Bolt 230 ne a gidajenmu, kuma ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya tsayar da zuciya idan ya ratsa ƙirji. Farantan sola da aka jera suna ɗauke da wuta muddin akwai haske, ko an kashe inbata. Ku gwada kafin ku taɓa, kowace rana, komai daɗewarku a aikin.

'Yan matanmu, da ku nake wannan magana tun daga farkonta. Ku ne kuka fi kowa sanin nauyin jarkar ruwa da nisan rijiya, kuma lissafin da na yi ɗazu babu inda ya fi ƙarfinku. Iyaye, don Allah ku bar su su je.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo ɗaya a gaban masarauta da masu hannu da shuni na wannan gari. A taimaka wa ɗakin gwajin wannan makaranta da mitoci, da wayoyi, da batir, da faranti ko biyu na sola, domin ƙannen waɗannan yara su auna abin da ake koya musu da hannunsu. Idan kuma ɗalibanmu sun dawo hutu ko aikin sanin makama, a ba su izinin zagaya burtsatsen da suka tsaya a ƙauyukanmu tare da wani gwani, su auna, su rubuta abin da ya kashe kowace ɗaya, su kawo rahoton fada.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani, ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana.